Waye Arvid Carlsson, kuma me ya haɗa zomayensa da maganin taɓin ƙwaƙwalwa da ake sha a Kaduna? Tambayoyi da amsoshi

Ni haɗa magunguna na karanta a Zariya, kuma na daɗe ina tsaye a bayan kanta a wani shagon magani nan Tudun Wada. Tambayoyin da ke ƙasa ba ni na ƙirƙire su ba, wasu 'yan uwan majinyata ne ke min su in sun zo sayen magani, wasu ɗaliban da ke zuwa koyon aiki wajenmu, wasu kuma a majalisarmu ta bayan isha'i ake jefo min su saboda an san ina yawan kawo zancen wani bature ɗan Suwidin har abokaina sun fara tsokanata da sunansa. Toh na gaji da maimaitawa, shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya.

Wai shi waye wannan Carlsson ɗin da ka dame mu da shi?

Likita ne masanin yadda magani ke aiki a jiki. An haife shi a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 1923, ya yi karatun likita a Jami'ar Lund, ya zama farfesa a Jami'ar Gothenburg a 1959, ya rasu a 2018 yana da shekara 95. A 2000 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Paul Greengard da Eric Kandel. Shi ne ya nuna cewa sinadarin dofamin ɗan aike ne mai zaman kansa a cikin ƙwaƙwalwa, a lokacin da kowa ke ɗaukarsa wani abu ne kawai da jiki ke bi ta kansa a hanyar haɗa wani sinadarin daban.

Abin da ke burge ni a tarihinsa, ba ma ƙwaƙwalwa ya fara bincike a kai ba. Kalsiyam yake nazari, yadda ƙashi ke ɗauka da saki. Ya nemi ƙarin girma a jami'a aka hana shi, masu tantancewa suka nuna masa cewa wannan fannin ba ya tsakiyar ilimin magunguna. Hanin nan ne ya kora shi Amurka neman sabon layi. Wani hanin ga Allah baiwa ne, in ji masu magana.

Meye ma'anar nazarin taɓin ƙwaƙwalwa ta ɓangaren jiki?

Shi ne ka ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin gaɓa kamar hanta ko ƙoda, ka tambaya me ya sauya a cikinta da mutum ya fara jin muryoyin da babu su ko ya kasa tashi daga gado wata uku. Ana duba sinadaran da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da su, ana duba gado, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ana gwada magani. Bai ce talauci da rashin aiki da mutuwar aure da tashin hankalin da mutanenmu suka gani a hannun 'yan bindiga ba sa taɓa mutum ba, a'a, tambayarsa ita ce in sun taɓa shi ta wace hanya suke bi a cikin jikin.

Toh ba mu labarin zomayen

Yauwa, nan ne daɗin yake. Akwai wani magani da ake kira risafin, kamfanin Ciba ya tace shi a 1952 daga saiwar wani tsiro mai suna Rauwolfia wanda masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna ba mahaukata, kuma ɗan uwan wannan tsiron yana fitowa a Afirka ta Yamma, masu maganin Yarbawa ma sun daɗe suna kwantar da masu taɓin hankali da shi. Maganin yana sauke hawan jini yana kuma kwantar da mutum, amma ba a san yadda yake yi ba.

A 1955 Carlsson ya je ya yi wata biyar a ɗakin gwajin Bernard Brodie a Bethesda, Amurka. Su Brodie sun gano risafin yana kwashe sirotonin, wani sinadarin aika saƙo, daga ƙwaƙwalwa, kuma Brodie ya tsaya kai da fata cewa shi kenan bayanin ya ƙare a nan. Carlsson ya koma gida da shakka a ransa. Shi da Nils-Åke Hillarp suka nuna maganin yana kwashe wasu sinadaran ma, dangin adiranalin.

Sai gwajin 1957. In ka yi wa zomo allurar risafin, sai ya zube, kunnuwa su faɗi, ido ya lumshe, ba ya motsi kamar an ɗaure shi. Suka ba dabbobin abin da jiki ke haɗa sirotonin da shi, shiru kake ji. Suka ba su DOPA, abin da jiki ke haɗa dofamin da noradiranalin da shi, cikin 'yan mintuna zomo ya miƙe kunnuwa a tsaye yana zagaya keji kamar ba shi ba. Da suka auna ƙwaƙwalwar sai suka ga ba noradiranalin ne ya dawo ba kamar yadda suka zata, dofamin ne. Takardar farko ta fito a mujallar Nature a 1957, ta biyu a Science a 1958.

Me ya sa ba su ba su dofamin ɗin kai tsaye ba?

Ba ya shiga. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge, kamar shingen sojoji a hanyar Birnin Gwari, ba kowa ake bari ya wuce ba. Dofamin ana tare shi, L-DOPA kuwa, wato DOPA ɗin nan, yana da mai shigar da shi, in ya shiga ciki sai ƙwaƙwalwar da kanta ta juya shi zuwa dofamin.

Shi kaɗai ya yi wannan aikin?

Ina! Wannan ita ce tambayar da na fi so ɗalibai su yi min. A takardar 1957 akwai sunan Margit Lindqvist da Tor Magnusson, a ta 1958 an ƙara Bertil Waldeck. Ita Lindqvist ta yi shekaru tana aikin aune-aunen sinadarai tare da shi, kuma in ba a iya auna abu ɗan mitsitsi a cikin naman ƙwaƙwalwa daidai ba to duk hasashen banza ne. Na'urar da suka yi amfani da ita ma, mai auna sinadari ta hanyar hasken da yake fitarwa, a wajen su Brodie ya ganta ya dawo ya sa aka saya. Ɗalibansa biyu, Åke Bertler da Evald Rosengren, su ne a 1959 suka nuna dofamin ba a warwatse yake ba, ya taru ne a can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, sashen da ke kula da motsin jiki. A Ingila kuma wata mata mai suna Kathleen Montagu ta riga ta ba da rahoton samun dofamin a ƙwaƙwalwa a 1957, ba kasafai ake tuna ta ba.

Sannan Hillarp. Shi da Bengt Falck suka fito da wata dabara a 1962 wadda ke sa ƙwayoyin jijiyar da ke ɗauke da waɗannan sinadarai su yi haske a ƙarƙashin madubin likita, ka gansu da idonka. Annica Dahlström da Kjell Fuxe, matasa a lokacin, suka ɗauki dabarar suka zana taswirar hanyoyin a 1964. Hillarp ya rasu a 1965 bai kai hamsin ba, kuma Nobel ba a ba mamaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ranar rabon kyauta mutum uku kawai dokarsu ta yarda a kira.

Da ya fito da sakamakon an yarda da shi nan take?

Ko kusa. A 1960 an yi wani taro a Landan, manyan fannin suna zaune har da Henry Dale wanda ya ci Nobel tun 1936, suka saurare shi suka ƙi gamsuwa. A lokacin da yawa sun yarda sinadarai na kai saƙo a jijiyoyin sauran jiki, amma a cikin ƙwaƙwalwa gani suke lantarki ne ke yin aikin. Hotunan da dabarar Falck da Hillarp ta samar ne suka kashe gardamar cikin 'yan shekaru, don gani ya kori ji.

Ya aka yi abin ya tashi daga zomo ya kai ga ɗan Adam?

Carlsson ya lura zomon da aka ba risafin kamarsa ɗaya da mai cutar Fakinsan, wato ciwon nan na karkarwa da sandarewar jiki da jan ƙafa, wanda ya kama ɗan dambe Muhammad Ali, duk wanda ya ga hoton lokacin da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996 hannu na rawa ya san abin da nake nufi. Sai ya ce ƙila masu wannan cutar dofamin suka rasa.

Amma ba shi ya tabbatar a jikin mutum ba. A birnin Biyana na Ostiriya, Oleh Hornykiewicz da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar, a 1960 suka ruwaito dofamin ya ragu sosai a daidai wurin. A 1961 Hornykiewicz da Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar L-DOPA, waɗanda ba sa iya tashi suka tashi, sai dai na ɗan lokaci. George Cotzias a jihar New York shi ne a 1967 ya nuna in ana ba da shi ta baki ana ƙara yawan a hankali a hankali, sauƙin yana ɗorewa. Har yau L-DOPA shi ne babban maganin cutar, galibi haɗe da kabidofa. Muna sayar da shi, tsada gare shi, kuma ba ya warkarwa, riƙe mutum yake yi.

Toh wannan ai ciwon jijiya ne, ina ruwansa da taɓin hankali?

Ruwa da tsaki ma. Kulofuromazin, wanda kowa ya fi sani da Largactil, a Faransa aka haɗa shi a 1950, likitoci Jean Delay da Pierre Deniker suka fara ba masu taɓin hankali a Faris a 1952. Halofiridol kuma, wato Haldol, kamfanin Paul Janssen na Beljiyam ya haɗa a 1958. Ana ta ba mutane suna samun sauƙi, asibitoci na sallamar waɗanda suka shekara a kulle, amma babu wanda ya san me maganin ke yi. A 1963 Carlsson da Lindqvist suka ba ɓeraye magungunan biyu suka ga wani abin mamaki, ƙwaƙwalwar ta ƙara sauri wajen haɗa sinadaran da kashe su alhali dabbar ta yi laushi. Suka ce to lallai maganin ya toshe wurin da saƙon ke sauka ne, ita kuma ƙwaƙwalwa da ta ji shiru sai ta ƙara ƙaimi wajen aikawa. Ka ɗauka dofamin makulli ne, wurin saukarsa kwaɗo, maganin kuma karyayyen makulli ne da ya maƙale a ramin kwaɗon. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Philip Seeman a Toronto da Solomon Snyder a Baltimore suka tabbatar da hakan kai tsaye.

Bari in ba ku na gida. Ƙanina da ke bi na ya kamu yana aji biyu a makarantar gaba da sakandare, ya daina barci, yana cewa ana maganarsa a rediyo. Aka kai shi wani asibiti aka ɗora shi kan halofiridol. Sati biyu muryoyin suka lafa, amma sai ga shi yana tafiya kamar an saka masa sanda a baya, hannuwa ba sa lilo, yawu na zuba a gefen baki, cokali na kaɗawa in zai kai tuwo baki. Na dawo daga shago na tarar Hajiya ta tattara ƙwayoyin ta ƙulle a leda ta ɗora kan firij.

Ta ce, "Kai da ka yi bokon, dubi yadda suka mayar min da yaro gunki. Gara haukan da wannan."

Na ce, "Hajiya ki yi haƙuri, ba ciwon ne ya ƙaru ba, maganin ne ya yi masa yawa. Ki bari gobe in mayar da shi wajen likita, kar a tsayar."

Wallahi a daren nan zomayen Carlsson ne suka faɗo min a rai, abin da na haddace don cin jarabawa ga shi zaune a tabarmar gidanmu. Maganin bai san hanyar tunani daban hanyar motsi daban ba, duk inda ya ga kwaɗon dofamin toshewa yake, sai ya haifar da Fakinsan na aro. Washegari likita ya rage yawan, ya ƙara masa wani ƙaramin magani, daga baya aka sauya shi zuwa risfiridon. Yanzu yana ɗinki a Kasuwar Barci, da matarsa da 'yarsa.

Wannan ƙaramin maganin shi ne Exol da yara ke sha?

Shi ne, benzekzol, wasu su ce Artane. An yi shi don ya sassauta sandarewar nan. A ƙwaƙwalwa dofamin da wani sinadari asitilkolin kamar ma'auni suke, in ɗaya ya yi ƙasa ɗayan ya rinjaya, shi kuma wannan yana danne na biyun. Yaranmu suka gano in an sha da yawa yana juya kai, shi ya sa in ka zo shagona ba takardar likita ba zan ba ka ba ko da kuka kake.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani, irin magungunan nan masu toshe dofamin, har da na hana amai irin metokulofiramaid, wani lokaci suna sa wuya ya murɗe, harshe ya fito, ido ya kafe sama, musamman ga matasa. Na sha ganin an ce aljanu ne sun tashi ana neman mai ruƙiyya, alhali allura ɗaya a asibiti ke warware shi. In ka ga haka tambayi me aka sha a kwana biyun nan, ka ɗauki kwalin ku tafi asibiti.

An ce yana da hannu a maganin ciwon damuwa ma?

Eh. A ƙarshen shekarun 1960 ya lura wasu tsofaffin magungunan damuwa suna hana ƙwayar jijiya sake tsotse sirotonin bayan ta sake shi. Ya haɗa kai da masanan kamfanin Astra, cikinsu har da Hans Corrodi, suka fito da zimelidin wanda ya shiga kasuwa a 1982, shi ne na farko a dangin da aka sayar. A 1983 aka janye shi saboda wasu ƙalilan da suka sha sun kamu da wata cutar shanyewar jijiyoyi. Sai Prozac, wato fuluwokzetin, na kamfanin Eli Lilly ya samu izini a Amurka a ƙarshen 1987 ya kwashe suna da kuɗin. Fuluwokzetin da sataralin da ake rubutawa yau duk wannan layin ne.

Ba a yi rigima kan kyautar Nobel ɗin ba?

An yi. Masana da yawa sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin an bar Hornykiewicz a baya. Ni a ganina suna da gaskiya, wanda ya nuna abin a jikin mutum bai kamata a tsallake shi ba.

Ya ake auna tasirin mai bincike? Yawan takardu ne?

A jami'o'inmu kusan haka ne, a ƙirga takardu a yi maka ƙarin girma, shi ya sa za ka ga an yanka bincike ɗaya gida huɗu an tura mujallun da in ka biya kuɗi gobe ma sai su buga. A duniya an fi duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikinka, ana ganin wannan a Google Scholar da Scopus da makamantansu. Akwai kuma ma'aunin h da wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo a 2005, in an ce naka 20 ne to kana da takardu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20.

Yana da amfani amma yana da ramuka. Tsoho ya fi yaro ko da yaron ya fi shi basira, don lamba ce da ba ta raguwa. Wanda sunansa ke cikin mutum ɗari uku a takarda ɗaya yana samun lada daidai da wanda ya kwana a ɗakin gwaji. Abokai na iya yi wa juna cuɗe ni in cuɗe ka. Kuma takardar zomayen nan ta 1957 gajeriya ce sosai, da a gaban wasu kwamitocinmu aka kai ta ƙila su ce ba ta cika sharaɗi ba. Ni ma'aunina na bayan kanta ne: kwalaye nawa ne a kan shiryayyata da ba za a fahimci aikinsu ba in aka cire wannan mutumin? L-DOPA, Largactil, Haldol, risfiridon, olanzafin, fuluwokzetin, har maganin aman ma. Shiryayye guda cur.

A TikTok ana cewa dofamin shi ne sinadarin jin daɗi, haka ne?

An taƙaita abin har ya lalace. Ya fi kusa da sinadarin nema da sa rai da koyon abin da ya kamata a sake yi. Wolfram Schultz ya nuna a gwajinsa da birai cewa ƙwayoyin dofamin sun fi harbawa in lada ta zo ba zato, in kuma aka saba sai su koma harbawa kan alamar da ke nuna ladar na tafe. Kayan maye kusan duk suna ɗaga shi a wannan hanyar ta sa rai, shi ya sa mai shan tiramol zai ce maka ya daina jin daɗinta tuntuni amma ƙafarsa na kai shi wajen mai sayarwa. Kuma masu ɗaga shi da ƙarfi irin ais suna iya jefa lafiyayyen mutum cikin zargi da jin muryoyi, wanda wannan ma yana cikin hujjojin da aka kafa cewa dofamin na da hannu a cutar sikizofireniya, wato taɓin hankalin nan mai zuwa da jin muryoyi da zargi. Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ka ga ba ƙaramin zance ba ne.

Kenan kana cewa babu aljanu babu sammu?

Ban ce ba, ni ba malami ba ne kuma ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da na sani shi ne ƙanina an yi masa addu'a an yi masa tofi, Hajiya ba ta fasa ba ko kwana ɗaya, kuma ya sha magani, babu wanda ya hana wani. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mari da sarƙa da bulala. Mutanen garin nan ba su manta gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa a watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Shika. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙi a rubuce, saura aiki da ita.

Akwai inda bayaninsa ya gaza?

Sosai, kuma shi da kansa bai tsaya kan dofamin kaɗai ba, a shekarunsa na baya shi da 'yarsa Maria Carlsson sun yi aiki kan wani sinadarin aika saƙo mai suna gulutamet da yadda yake cuɗanya da dofamin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya ba sa samun sauƙin kirki da magungunan da aka saba, sai an koma kulozafin wanda shi kuma sai ana duba jini a kai a kai. Magungunan sun fi iya kashe muryoyi da zargi, amma mutuwar zuciya da janyewa daga mutane da raunin tunani ba su cika taɓa su ba. A Satumban 2024 Amurka ta amince da wani sabon magani, Cobenfy, wanda ba ya toshe kwaɗon dofamin kai tsaye, ta hanyar asitilkolin yake bi.

Haka zancen cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kawai, a 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi suka ce hujjar ba ta tsaya ba, aka yi ta cece-kuce. Wannan ba ya nufin maganin ba ya taimakon mutane, fanadol na sauke ciwon kai ba don kanka ya rasa fanadol ba. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya ajiye maganinsa, a tsayar da shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin, likitan da ya rubuta shi za a koma wa.

Yanzu haɗin gwiwar masu bincike ya yake, kuma ina muke a ciki?

Ya tashi daga mutum huɗu da zomaye ya koma ɗaruruwan masana. Akwai wata gamayyar masu nazarin gadon cututtukan ƙwaƙwalwa da aka kafa a 2007, a 2014 suka haɗa bayanan majinyata kusan 37,000 suka gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da sikizofireniya, a 2022 adadin ya kai 287. Abin da ya sa na yi murmushi, cikin wurare 108 ɗin nan akwai wanda ke ɗauke da umarnin ƙera kwaɗon dofamin ɗin da Haldol ke toshewa. Bayan shekara hamsin an biyo ta wata hanya daban an fito ƙofar gidan Carlsson.

Matsalar ita ce yawancin jinin da aka auna na Turawa ne, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. An yi wani babban aiki mai suna NeuroGAP don cike giɓin, a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu, ba mu ciki. Ba wai ba mu taɓa yi ba ne. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin kula da majinyata a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, yana aiki har da masu maganin gargajiya, ya yi bincike tare da masanan Jami'ar Cornell, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Jami'ar Ibadan da ta Indiana sun shafe shekaru tun farkon 1990 suna kwatanta cutar mantuwa ta tsufa tsakanin Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatan Indianapolis, suka samu ta fi ƙaranci a Ibadan. Oye Gureje ma daga can Ibadan sunansa ya zagaya duniya. Ka lura duk Kudu maso Yamma na lissafo, wannan kuma ya kamata ya dame mu.

Ni ɗalibi ne a KASU, in ina son wannan layin ta ina zan fara?

Ka fara da iya auna abu ɗaya da kyau, ko da ma'aunin tambayoyi ne da aka mayar Hausa aka tabbatar yana auna abin da aka ce yana aunawa, don da yawan waɗanda ake amfani da su a asibiti da Turanci suke, ma'aikaci ne ke fassarawa da ka kowa da irin tasa. Ka koyi lissafin ƙididdiga tun yanzu. Ka nemi malamin da ke da aiki a hannu ka ce za ka taya shi shigar da bayanai kyauta, ka karanta takardun da ke PubMed, rumbun takardun binciken likitanci a intanet, ka rubuta wa marubutan imel, wasu ba za su kula ka ba wasu za su amsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kukan cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa waje, don haka duk wanda ka samu a Barnawa ko Shika aiki ya yi masa yawa, ka je masa da tambaya takamaimiya ba "ina son bincike" ba.

In kana neman tambayar ma ga ɗaya kyauta, ni ta daɗe tana cina. Cikin waɗanda ake ɗora wa halofiridol ko Largactil a garin nan, mutum nawa ne ke daina sha a wata ukun farko saboda sandarewar jiki, kuma cikinsu nawa ne aka yi wa bayani tun ranar farko cewa hakan na iya faruwa kuma yana da gyara? Ba ka buƙatar na'urar miliyoyi, littafin rajista ne da izinin kwamitin ɗa'a da kuɗin Keke Napep zuwa gidajen mutane. Ledar Hajiya da ta ɗora kan firij na san ba ita kaɗai ba ce a Kaduna, don ko makon jiya wata baiwar Allah daga Unguwar Sanusi ta zo min da irinta tana tambaya ko zan karɓa in ba ta maganin barci a madadinsa.